Ofege

Ofege ƙungiyar makaɗa ce ta Najeriya wadda wasu ɗaliban Kwalejin St. Gregory da ke Obalende a Legas suka kafa a farkon shekarun 1970, tun suna samari 'yan makarantar sakandare. Salonta ya haɗa kiɗan rok, wato kiɗan Turawa da ya dogara ga jita mai aiki da lantarki, da bugun ganguna irin na Afirka, kuma akasarin waƙoƙinta na soyayya ne cikin Turanci. A wancan lokacin, Melvin Ukachi ne jagoran waƙa, Paul Alade yana kaɗa jita mai kaurin amo, Mike Meme kuma yana kan ganguna.

Kamfanin EMI ya fitar da faifanta na farko, Try and Love, a 1973 ƙarƙashin kulawar Odion Iruoje, wanda ya gayyato Berkley Jones na ƙungiyar BLO ya kaɗa jita a ciki, faifan kuwa ya samu gagarumar karɓuwa wajen matasa. Wasu faya-fayai uku sun biyo baya, na ƙarshensu How Do You Feel a 1978, kafin ƙungiyar ta watse bayan da neman ilimi mai zurfi ya rarraba 'ya'yanta.