Yadda ake tsara jadawalin intanet domin makafi

Makafi da masu raunin gani na amfani da manhajojin da ke karanta musu abin da ke fuskar waya ko kwamfuta da murya, irin su TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone, da NVDA wadda ake samu kyauta.

Manhajar tana bin jadawali ne gurbi bayan gurbi. A jadawalin farashin hatsi na kasuwannin Dapchi, Gashua da Nguru, idan an yi wa kanun layuka alamar th, za ta ambaci sunan kasuwa da irin hatsin kafin farashi. In babu alamar, sai mai sauraro ya ji alƙaluma a jere, bai san na gero ba ne ko na dawa. Jadawalin da aka ɗora a matsayin hoto kuwa, yawanci ba ya karantuwa.

Ƙa'idojin WCAG 2.2, waɗanda hukumar W3C ta fitar a Oktoban 2023, sun buƙaci a bayyana alaƙar kanu da gurbi yadda manhaja za ta gane. A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta fara aiki a Janairun 2019.