Tarihin Littafin "Yaƙi da Zaman Lafiya" da Shawarar Karanta Shi

Ɗalibin adabi da ya tarar da littafin Leo Tolstoy mai suna "Yaƙi da Zaman Lafiya" a ɗakin karatu yakan auna nauyinsa a hannu, ya ga shafuka sun haura 1,200, sai ya mayar da shi inda ya ɗauko. Ba za mu ga laifinsa ba, domin lokaci ya yi ƙaranci, ga jarrabawa tana jira. A wannan maƙala za mu waiwayi yadda aka rubuta littafin da yadda mutanen farko suka karanta shi, domin mu ga ko ya cancanci wannan wahala.

An haifi Tolstoy a Rasha a 1828. Ya yi aikin soja, ya kuma halarci Yaƙin Kirimiya a birnin Sevastopol tsakanin 1854 da 1855, saboda haka ya san ƙarar igwa da idonsa da kunnensa. A 1863 ya fara wannan aiki a gidansa na Yasnaya Polyana, matarsa Sofia tana kwafe rubutun da hannu sau da yawa. A 1867 ya taka har filin Borodino, inda dakarun Rasha suka gwabza da na Napoleon a Satumba 1812, domin ya ga wurin kafin ya siffanta yaƙin.

Abin lura a nan shi ne, masu karatu na farko ba su ɗauki littafin a dunƙule ba. Mujallar Russkiy Vestnik ce ta fara buga shi kashi-kashi daga 1865, a ƙarƙashin sunan "1805". Daga baya ya fito cikin juzu'i shida tsakanin 1868 da 1869. Wato sun shafe shekaru suna bin labarin, suna jiran abin da zai biyo baya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin "Magana Jari Ce" ta Abubakar Imam cikin littattafai uku ta zo mana, kuma ba wanda ya ce sai an gama su a zama ɗaya.

To, me tsawon yake saya wa mai karatu? Labarin ya faro daga 1805, ya ratsa shigar Faransawa Mosko da ƙonewar birnin a 1812, ya ƙare a 1820. A farkonsa Natasha Rostova yarinya ce mai shekara 13, a ƙarshensa uwar 'ya'ya ce. Andrei Bolkonsky ya fita neman suna a fagen fama, aka ji masa rauni a Austerlitz, ya dawo da wata fahimta dabam game da ɗaukaka. Pierre Bezukhov ya gaji dukiya mai yawa, amma bai san darajar rayuwa ba sai da ya zama fursuna a hannun Faransawa. Irin wannan sauyi na halin ɗan Adam ba ya yiwuwa a shafi hamsin. Sai an zauna da mutum shekara da shekaru kafin a yarda ya canza.

Duk da haka, littafin yana da wuraren gajiya. Tolstoy yakan dakatar da labari ya shiga doguwar muhawara cewa sarakuna da janarori ba su ke juya tarihi ba, ayyukan dubban talakawa ne. Shi kansa a bugun 1873 ya kwashe yawancin waɗannan babuka ya mayar da su rataye, ya kuma juya maganganun Faransanci zuwa Rashanci. Wanda ya tsallake su a karatun farko yana da hujja daga marubucin.

Shawararmu ita ce a karanta shi yadda ya fara fitowa. A ware shafi ashirin kowace rana, wata biyu sun isa. A rubuta sunayen manyan gidajen labarin a takarda, domin mutanen cikinsa sun haura 500. A daure har zuwa yaƙin Austerlitz. Wanda ya kai can ya ji yana son sanin makomar Andrei da Natasha, to ya ci gaba, littafin nasa ne. Wanda bai ji haka ba, ya ajiye shi zuwa wata shekara. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.