Yadda Malamar Yara A Japan Ta Koyi Kame Hannunta

Abin da ya jawo ni ga wannan batu shi ne wani littafi da Joseph Tobin da abokan aikinsa biyu suka fitar a 1989, inda suka kwatanta makarantun rainon yara na Japan da Sin da Amurka. A wata makaranta ta birnin Kyoto sun tarar da yara 28 'yan shekara huɗu a hannun malama ɗaya tak. Wani yaro ya wuni yana tsokana, har ya taka hannun ɗan'uwansa da gangan, malama kuwa ba ta tsawata masa ba. Da wata yarinya ta kawo ƙararsa, sai malama ta mayar da ita ta je ta san yadda za ta yi da shi. Na ce a raina, wannan ai sakaci ne. Ashe abin yana da tarihi.

A 1876, shekara takwas da soma mulkin Sarki Meiji, aka buɗe makarantar yara ta gwamnati a jikin kwalejin horon malamai mata ta Tokyo. Wata Bajamushiya, Clara Matsuno, ita ce babbar malama, tsarin kuwa na Froebel ne, mutumin Jamus. Yara na zaune a tebur, kowa da akwatin 'yan katakansa, ana jera su bisa umarnin malama. 'Ya'yan masu hali ne ke zuwa. 'Ya'yan talakawan Tokyo sun sami tasu a 1900, wato Futaba, wadda Noguchi Yuka da abokiyarta suka kafa.

Wanda ya juya akalar shi ne Kurahashi Sozo, da ya zama shugaban waccan makaranta ta farko a 1917. Ya zazzage katakan nan daga akwatunansu, ya cakuɗa su a kwando, yara su yi wasa yadda suka ga dama. A ganinsa aikin malama shi ne ta shirya wuri, ta lura, sa'an nan ta ja yaro a hankali daga abin da ransa ke so. Wannan ra'ayi ya shiga jagoran rainon yara da gwamnati ta fitar a 1948, bayan yaƙi.

Malaman Japan suna kiran kame hannun nan mimamoru, wato tsaro da ido. Hujjarsu ita ce iyali ya ƙanƙance, yaro ba shi da yayye da ƙanne da yawa, don haka a aji ne zai ɗanɗani faɗa da bikonsa. Shi ya sa yawan yara bai dame su ba, domin idan malama ta yi wa kowa kusa, yara ba za su nemi juna ba.

Ni dai har yanzu zuciyata na ga yaron da aka taka. Amma kuma yarinyar nan ce ta ja shi gefe yana kuka, ta saurare shi, ta ba shi shawara ya nemi wani abokin wasan.