Hawan farko na Mont-Blanc (1786): tafiya guda, ruwaya biyu

A Faransancin masu hawan duwatsu akwai kalmar «première», wato hawan farko. A zahiri kalma ce da ba ta buƙatar gardama: ko mutum ya kai ƙololuwa, ko bai kai ba. Abin da muke son nunawa a wannan ɗan rubutu shi ne yadda alƙalami ya raba ladar irin wannan hawa tsakanin mutum biyu da suka yi shi tare, har aka fi shekara ɗari ana ɗaukaka ɗaya, ana danne ɗayan.

Mont-Blanc, dutsen da ya fi kowane tsawo a jerin duwatsun Alpes, ya haura mita 4800. A lokacin da muke magana a kai, ƙauyen Chamonix da ke gindinsa yana ƙarƙashin sarkin Sardaigne; sai a 1860 yankin Savoie ya shiga Faransa. Tun 1760 wani masani ɗan birnin Genève, Horace-Bénédict de Saussure, ya yi alkawarin tukuici ga duk wanda ya gano hanyar ƙololuwa. Aka yi shekara 26 ba wanda ya ci.

Ran 8 ga watan Agusta 1786, da maraice wajen ƙarfe shida da ƴan mintoci, mutum biyu suka kai: Michel-Gabriel Paccard, likitan Chamonix wanda ya yi karatu a Turin, da Jacques Balmat, mafarauci mai neman duwatsu masu ƙyalli yana sayarwa. Ba su da igiya, sai dogayen sanduna. Daga ƙasa, wani baƙo Bajamushe, Adolf Traugott von Gersdorf, ya bi su da madubin hangen nesa, ya rubuta abin da ya gani a littafinsa.

Daga nan ne maganar ta rabu biyu. Marc-Théodore Bourrit, marubuci kuma mai zane a Genève, wanda shi kansa ya gwada hawan ya kasa, ya buga wata wasiƙa da ta mai da Balmat jarumin tafiyar, likita kuwa kaya ne da aka ja. Paccard ya sa Balmat ya sa hannu a takardar shaida da ta ƙaryata haka, aka buga ta a wata jaridar Lausanne a 1787, amma littafin da ya yi niyyar fitarwa bai taɓa fitowa ba. Balmat ya karɓi tukuicin Saussure, ya kuma yi masa jagora zuwa ƙololuwa a Agusta 1787. Paccard ya rasu a 1827. Bayan shekara biyar, Alexandre Dumas ya zo Chamonix, ya saurari tsoho Balmat, ya zuba labarinsa a littafin tafiye-tafiyensa da irin daɗin bakin da aka san shi da shi. Wanda zai musa yana kabari.

A ganinmu, abin lura a nan ya shafi fanninmu. Mun saba da labaran binciken Afirka inda Bature mai alƙalami ke da suna, ɗan jagora da masu ɗaukar kaya kuwa a ƙirga su kawai. Sai ga shi a Chamonix talaka ne ya samu suna, mai ilimi ya rasa. Dalili ɗaya ne: masu rubutun da jama'a ke karantawa sun zaɓi ruwayar da ta fi daɗin ji. Kalmar «guide» ma ta taimaka, domin mai karatu yana ɗauka cewa jagora ne a gaba, alhali takardar 1787 ta ce Paccard ne ya zaɓi hanyar.

Mutum-mutumin da aka kafa a Chamonix a 1887 yana nuna Balmat yana miƙa wa Saussure hannu wajen ƙololuwa, babu Paccard. Sai da masu bincike na ƙarni na 20 suka koma ga rubutun Gersdorf, musamman Heinrich Dübi a 1913, kafin ra'ayi ya juya. An yi wa likitan nasa mutum-mutumin a 1986, shi kaɗai a zaune, ɗan nesa da wancan.