Yisti Guda ko Biyu: Darasi Daga Tukunyar Kakanninmu

Musulunci ya haramta giya, kuma tun shekarar 2000 dokar Jihar Katsina ta hana sayar da ita. Amma aikin masanin tarihi ne ya binciki abin da mutanen da suka sani, ko da an bar aikata shi.

A ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Katsina, mata ke dafa giyar dawa domin gayya da bukukuwa. Sukan jiƙa dawa har ta yi tsiro, su shanya, su niƙa, su dama, su bar ta ta yi tsami. Daga nan sai su dafa, in ta huce su zuba ragowar tsohuwar giya, ta tashi da kumfa. A yau mun san ma'aikata iri biyu ne a tukunyar: ƙwayoyin bakteriya masu kawo tsami, da yisti iri-iri masu mai da zaƙi barasa. Tsamin ne ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa, har yisti ya sami sararin aiki.

Turawa sun bi wata hanya dabam. A 1883, Emil Hansen na kamfanin Carlsberg a ƙasar Denmak ya ware yisti guda tsantsa, domin cakuɗe yana ɓata musu giya. Masana'antu suka bi sawunsa. Sai a 2011 masana suka gano wani yistin daji a dazuzzukan Patagoniya ta Ajantina, ya tabbatar cewa irin da Hansen ya ware ɗin shi kansa barbarar iri biyu ne, ɗaya daga cikinsu mai jure sanyi. Ashe abin da aka ɗauka guda ne, asalinsa haɗi ne.

To, ina ruwan mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi da wannan? Ruwansa babba ne, domin wannan hikima ce ke cikin abincinsa na halal. Bafulatanar da ke zuba ɗan tsohon nono cikin madara kafin ta kawo kasuwa, da mai tsima gero domin koko, duk garken ƙwayoyi suke kiwo ba tare da sun gan su ba.

Tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma. Ya kamata ɗalibanta su zauna gaban tsofaffin nan, su rubuta yadda suke yi, su kai ƙwaryarsu ɗakin bincike. In tsohuwa ta rasu ba a tambaye ta ba, da iliminta ake binne ta.