Juyar Aikin Wani a Ƙasar Kano: Daga Alƙalami zuwa Wayar Hannu

Abin da a yau ake kira satar fasaha yana da tarihi mai tsawo, kuma farkonsa ba sata ba ce. Kafin zuwan ɗab'i, littafi ba ya yaɗuwa a ƙasar Hausa sai an juye shi da hannu. Ta wannan hanya littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, suka kai birni da ƙauye. Marubuci yakan karɓi ladan tawada da wahalarsa, ya sa sunansa a ƙarshe yana roƙon addu'a, amma mawallafi ba ya jiran ko anini. Laifi a wancan zamani shi ne a ɓata nassi ko a ɓoye sunan mai shi. Makaɗa ma haka: irin su Alhaji Mamman Shata sun fi dogara ga kyautar da ake yi musu a fagen wasa, saboda haka kaset ɗin da aka juya sai ya ƙara musu suna.

Al'amarin ya sauya ne sa'ad da cin abincin mai aiki ya rataya a kan yawan kwafin da aka sayar. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da Turmin Danya a 1990, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar finafinan Hausa. Abin lura shi ne, 'yan kasuwar da suka ɗauki wannan ciniki su ne dai waɗanda suka ƙware wajen juyar finafinan Indiya da na Amurka ba da izini ba. Sai aka yi wata dabara: mai fim ya buga kwalin kaset ya sayar wa ɗan kasuwa, shi kuwa ya juya fim ɗin a injinansa. Watau kwali ya zama shaidar halalci, kuma da shi ake lissafi.

Wayar hannu ta rushe wannan tsari, domin fim ɗin da aka tura ba shi da kwali. Mai shagon caji a Kwanar Dangora ko Tudun Wada na iya tura fim guda sau ɗari, yana karɓar kuɗi, alhali wanda ya ci bashi ya shirya shi bai ga komai ba.

To, ina hukunci ya tsaya? A watan Disamba na 1988 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 47 kan haƙƙin mallaka, a cikin watan nan kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin wallafa dukiya ce da shari'a ke karewa. Dokar 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta maye gurbin ta 1988, ta kuma bar ƙofa ga amfanin kai da nazari, muddin an yi adalci ga mai aikin. A ganina ɗalibin da ya ɗauki hoton babi guda don jarrabawa magajin marubutan dā ne. Mai shagon caji kuwa, ko da ya fake da cewa ladan wahala yake karɓa, ba shi da wannan hujja, gama marubucin dā watanni yake yi a kan littafi guda, shi kuwa minti biyu.