Shekarar Bobi Fisha

Ɗan'uwa, ka san dara. Nasara ma suna da tasu, mai sarki da dawaki. Daga 1948 har zuwa 1972 sarautarta ta duniya ta kasance a hannun ƴan Tarayyar Sobiyet.

A 1972 Bobi Fisha, Ba'amurke mai shekara 29, ya kara da sarkin, Boris Sifaski, a tsibirin Islandi. Aka cinye Fisha wasan farko. Na biyu ya ƙi zuwa, wai masu ɗaukar hoto sun dame shi. Aka lissafa masa faɗuwa.

Ya ce sai a koma ƙaramin ɗaki. Da Sifaski ya ƙi, wataƙila da sarautarsa ta tsira. Amma ya yarda. A ɗakin nan Fisha ya fara cinsa. Ran 1 ga Satumba, bayan wasa 21, sarauta ta koma Amurka.